Barin aikin albashi don shiga harkar gidaje da filaye: matakan da ya kamata ka bi

Akwai mutanen da albashinsu ya ishe su har da ragi, amma duk ranar Lahadi da yamma sai gabansu ya riƙa faɗuwa saboda gobe Litinin. Wani ma'aikacin banki ne, wani na kamfanin sadarwa, wani kuma yana wata ƙungiyar agaji mai biya da kauri. Mota akwai, kuɗin makarantar yara an biya, amma zuciya ba ta wurin aikin. Da yawa daga cikinsu idan suka fara neman mafita, harkar gidaje da filaye ce ke fara faɗo musu a rai, don sun ga wani abokinsu ya haɗa cinikin gida ɗaya a Nasarawa GRA ko Gwarinpa ya kwashi abin da ya kai albashinsu na wata shida.

Abin da ba su gani ba shi ne watannin da abokin nan ya yi yana ƙona mai yana kai mutane ganin gida, su ce za su yi shawara, daga nan ko wayarsa ba su ƙara ɗauka ba. Albashi yana da ranar zuwa. La'ada ba ta da rana. Duk matakan da ke ƙasa an gina su ne a kan wannan bambanci, kuma wanda bai shirya masa ba zai wahala ko da ya fi kowa iya baki.

Da farko, gano abin da ke damunka

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Idan shugabanka a ofis ne ya hana ka sakat, maganinka sauya ofis. Idan gajiya ce, ka ɗauki hutunka na shekara ka gani. Amma idan kai mutum ne da zaman tebur ke cinye shi, kana son fita, kana son mu'amala da jama'a, kana iya jure a ce maka a'a sau goma ka sake buga waya, to ci gaba da karatu.

Wace ƙofa za ka bi ka shiga?

Harkar gidaje ba abu ɗaya ba ce. Akwai dillanci, wato haɗa mai saye da mai sayarwa ko mai gida da ɗan haya, ka karɓi la'ada. Wannan ba ya cin jari sosai, abin da yake ci shi ne takalmi da man mota da haƙuri. Akwai kula da gidajen haya a madadin masu su: karɓar kuɗin haya, gyaran famfo da rufi, bin ɗan hayar da ya ƙi biya. Kuɗinsa ba shi da yawa, amma yana dawowa duk shekara, kuma a ganina shi ne ya fi dacewa da wanda ya saba da albashi ya kafa ƙafarsa a kai. Akwai sayen gona a gefen gari a yanka ta fuloti-fuloti a sayar, sai kuma gina gidaje don sayarwa. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne masu ƙyalli, kuma su ne suka fi karya sabon shiga.

Wanda ya fara gini don sayarwa kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya san abin da nake nufi. Ya yi lissafinsa da wani farashi, kafin ya kai linta naira ta faɗi, a farkon 2024 kuma buhun siminti ya haura naira dubu goma a garuruwa da dama. Kango nawa aka bari a tsaye saboda haka. Don haka kada ka zuba kuɗin sallamarka a bulo da rodi a shekararka ta farko.

Akwai kuma aikin ƙimanta kadara, wato rubuta rahoton darajar gida wanda banki ko kotu za ta karɓa. Wannan ba na kowa ba ne. Sai wanda ya karanci fannin kuma ya yi rajista da ESVARBON, hukumar rajistar masu ƙimanta kadara wadda doka ta kafa a 1975. Idan ba ka da wannan rajista, kada ka kira kanka da sunan masu ita, ka nemi ɗaya daga cikinsu ku riƙa aiki tare.

Lissafin da za ka yi kafin kowa ya ji labari

Ɗauki takarda ka rubuta abin da gidanka ke ci a wata: abinci, wuta, mai, kuɗin makaranta a raba shi wata-wata, magani, abin da kake aika wa iyaye, har da ɗinkin Sallah da ragon layya. Mutane sukan manta da abubuwan da ofis ke ɗauke musu a ɓoye, irin su inshorar lafiya ta iyali, motar aiki, kuɗin waya da data. Ranar da ka ajiye aiki duk waɗannan kanka za su dawo.

A ce, misali, gidanka na cin naira dubu 450 a wata. Na shekara guda ya kama miliyan 5 da dubu 400. Wannan shi ne kuɗin da ya kamata ya kasance a ajiye kafin ka rubuta takardar barin aiki, kuma ba jari ba ne, abincin gida ne. Wasu za su ce na wata shida ya isa. Ni ban yarda ba, saboda tsadar kayayyaki da ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024 ta nuna mana cewa kuɗin da ka ware don shekara zai iya ƙarewa a wata tara.

Yanzu duba ɗaya ɓangaren. Abin da aka saba a wurare da yawa shi ne la'adar kashi 5 cikin 100 a kan sayarwa, kashi 10 a kan haya, ko da yake ana ciniki a kai kuma gari ya bambanta da gari. Fili na naira miliyan 10 zai ba da dubu 500. Ka ji kamar da daɗi. Amma da wuya ka ga ciniki da dillali ɗaya. Akwai wanda ya san mai filin, akwai wanda ya gaya masa, akwai wanda ya kawo mai saye, ga kuma 'yan ka-yi-na-yi da za su ɓullo ranar biyan kuɗi kowa na cewa da shi aka yi. Idan ku huɗu ne, naka dubu 125. Sai ka tambayi kanka: irin wannan ciniki nawa zan haɗa a wata kafin in riƙe gidana?

Idan akwai bashin banki da ake cira daga albashinka, ka biya shi tukuna. Bashin da aka ba ka saboda albashi ba ya tsayawa don albashin ya tsaya.

Ka koya tun kana karɓar albashi

Nemi dattijon dillali ko kamfanin da aka san shi da gaskiya a garinku, ka ce kana son ka riƙa bin su ranar Asabar da Lahadi. Ka je da girmamawa, ko da ka fi shi boko da mota. Mutumin da ke zaune a kan benci a gindin bishiya da tsohuwar waya a hannu zai iya gaya maka tarihin kowane fili a Ɗanbare ko Rijiyar Zaki: wanda ya fara mallakarsa, wanda ya saya, wanda ake shari'a a kai, da wanda ruwa ke kwanciya a cikinsa da damina. Wannan ilimin ba ya cikin kwamfuta.

Ka lura da yadda suke magana. Mai saye ya taya, dillali ya ce albarka, a yi ta ja har mai kaya ya sallama. Ka lura da lokacin da gwani ke yin shiru ya bar mai saye ya zagaya gida shi kaɗai, da lokacin da yake jan mai gida gefe ya ce, "Alhaji, wannan tayin kada a bar shi ya wuce." Ka sa wa kanka sharaɗi cewa ba za ka ajiye aiki ba sai ka haɗa ciniki biyu ko uku da hannunka, daga nuna wuri har zuwa sa hannun shaidu.

Gargaɗi ɗaya ga ma'aikacin gwamnati: ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulkin 1999 ta hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Ma'aikacin kamfani kuma ya duba takardar ɗaukarsa aiki, musamman na banki, domin wasu sun hana. Kallo da koyo babu laifi, amma buɗe kamfani da sunanka kana kan kujera zai iya jawo maka matsala.

Takardu: a nan ne za ka fi wasu ko su fi ka

Idan akwai abin da ɗan boko zai kawo wa wannan harka wanda zai sa a neme shi, to sanin takardu ne. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, yana riƙe da ita amana a madadin jama'a. Abin da mutum ke samu shi ne haƙƙin zama da amfani, kuma takardar shaidarsa ita ce wadda kowa ke kira C of O, yawanci ta shekara 99 a filin zama. Idan mai ita zai sayar ko ya jinginar, doka ta ce sai da amincewar gwamna. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki saboda kuɗi da jinkiri, sai ka ga gida ya wuce hannu uku amma a ma'aikata sunan mutumin farko ne har yanzu. Ranar da mai gidan na yanzu zai nemi rance ko ya shiga kotu, ranar zai gane.

A Kano da makwabtanta za ka riƙa jin awon gwamnati da awon igiya. Awon gwamnati shi ne wanda hukuma ta tsara, ta fitar da tituna da lambar fuloti. Awon igiya kuwa gona ce mai ita ko magadansa suka yanka da kansu, takardarsa ta ciniki ce da hatimin mai unguwa ko dagaci. Ba haramtaccen abu ba ne, yawancin talakawa a irinsa suke zaune, amma dole ka gaya wa mai saye gaskiyar abin da yake saye. Kada ka bari ya biya kuɗin awon gwamnati a kan awon igiya.

Ga yadda ake binciken fili kafin a biya ko sisi. Ka karɓi kwafin takardun, ka kai hukumar da ke riƙe da bayanan filaye: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. A nan za a duba maka ko lambar fayil ɗin gaskiya ce, sunan wa ke kai, ko an jinginar da shi a banki, ko gwamnati ta soke shi. Bayan haka ka ɗauki safiyo ya je wurin ya tabbatar filin da aka nuna maka shi ne wanda ke cikin takarda, domin tsohuwar dabara ce a nuna maka na bakin titi a sayar maka da na can ciki. Sai ka leƙa hukumar tsara birni, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ka ji ko wurin hanya ce, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Daga ƙarshe ka koma unguwar da kanka, ba tare da mai sayarwa ba, ka gaisa da makwabta da mai unguwa, ka tambaya: wannan filin na wane ne? Abin da mai shagon kusa zai gaya maka cikin minti biyar wani lokaci ya fi abin da ke cikin fayil.

A Abuja akwai ƙarin tarko. Ministan babban birnin tarayya ne kaɗai ke da ikon ba da fili a yankin, saboda haka takardar da ta fito daga ƙaramar hukuma ko daga wani basarake ba ta wadatar ba sai an daidaita ta. Rushe-rushen da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, a Filin Idi da wurin tsohon Otal ɗin Daula, ya ƙara nuna wani abu: filin da asalinsa na jama'a ne, ko da gwamnati mai ci ce ta raba shi, wadda za ta gaje ta na iya kallon abin daban. Idan aka kawo maka fili a jikin makaranta, maƙabarta, asibiti ko badala, ka bar wa wani la'adar.

Filin gado kuma sai ka yi taka-tsantsan ninki biyu. Kada ka yarda da babban wa shi kaɗai yana cewa "ai duk mun amince." Ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ko kowane magaji ya sa hannu, mata da maza, har da wadda ke aure a wani gari. Idan akwai marayu ƙanana, sai da izinin alƙali. Ka kuma sani cewa a fiƙihun Malikiyya abokin tarayya a kadarar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato zai iya karɓar kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare ya mayar masa da kuɗinsa. Ciniki da yawa ya warware ta nan bayan dillali ya riga ya cinye la'ada.

Duk cinikin da ya kai miliyoyi, a sa lauya ya rubuta yarjejeniya. Kuɗin lauya kaɗan ne idan aka kwatanta da shekarun da ake yi ana sintiri a kotu.

Rajista

Yi wa sunan kasuwancinka rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka samu lambar haraji, ka buɗe asusun banki da sunan kasuwancin. Masu harkar gidaje na cikin waɗanda doka ta wajabta wa rajista da SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram, kuma banki zai nemi takardar. Dokar yaƙi da halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ga mutum, miliyan 10 ga kamfani, ba tare da an bi ta banki ba. Wanda ya zo da buhun kuɗi a bayan mota yana gaggawa, ba ya son a rubuta sunansa, ba abokin cinikinka ba ne. Wanda zai yi aiki a Legas kuma akwai rajistar LASRERA, hukumar jihar mai sa ido kan harkar gidaje, a kansa.

Ranar ajiye aiki

Kafin ofis ya ji, gida ya ji. Zauna da matarka, ko mijinki idan ke ce mai barin aikin, ku duba lissafin nan tare, ku amince a kan abin da za a rage. Iyaye kuma a je musu da shiri, ba da ƙorafi ba. Mahaifin da ya sha wahala ya kai ka jami'a zai iya jin kalmar dillali ya ɓata rai. Idan ka ce masa, "Baba, na tanadi abincin shekara, ga mutumin da nake bi, ga cinikin da na riga na haɗa, addu'arku nake nema," maganar za ta fi shiga. Yi istihara, ka nemi shawarar mutum biyu da ke cikin harkar, ba waɗanda ke kallonta daga nesa ba.

A ofis ka ba da sanarwa daidai da abin da takardar aikinka ta tanada, wata ɗaya ko uku. Ka miƙa komai cikin tsari, ka fita lafiya da kowa, har da wanda ya ɓata maka rai. Dalilin ba ladabi kaɗai ba ne. Waɗannan abokan aikin masu albashi su ne mutanen farko da za su nemi fili ko gidan haya ta hannunka, kuma sun riga sun san halinka.

Game da fansho, dokar 2014 ta ba wanda ya bar aiki bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa, idan ya yi wata huɗu bai samu wani aiki ba. Damar tana nan, amma ka bar ta a matsayin makamin ƙarshe. Kada ka sa ta cikin lissafin jari.

Shekarar farko

Zaɓi yanki ɗaya ka san shi ciki da bai. Wanda ke tallan fili a Langel da safe, gida a Hotoro da rana, shago a Kantin Kwari da yamma, babu inda za a san shi. Idan ka ɗauki titin Gwarzo, misali, ka san farashin fuloti mai ƙafa hamsin-da-hamsin a kowane layi, inda ake samun ruwa a rijiyar burtsatse da inda ba a samu, gidajen da ɗaliban BUK ke kamawa da lokacin da suke nema. Ka ajiye littafi ko fayil a waya: wa ke nema, me yake nema, nawa ne a hannunsa, yaushe kuka yi magana.

WhatsApp da Facebook da TikTok sun sauƙaƙa talla, kuma a nan ɗan boko na da rinjaye. Ka ɗauki hoton gida yadda yake, da hanyar shiga, da bayan gidan. Kada ka tallata abin da ba ka taka da ƙafarka ba, don rabin hotunan da ke yawo a zaurukan dillalai an riga an sayar da su ko kuma babu wanda ya san ainihin mai su.

Maganar la'ada a gama ta tun kafin ka nuna wuri: kashi nawa, wa zai biya, ku nawa ne a ciki. Ko saƙon waya ne a rubuta. Kunya a farko ita ke kawo faɗa a ƙarshe. Akwai kuma ɗabi'ar ɗora riba a ɓoye, mai gida ya ce miliyan 20, dillali ya gaya wa mai saye 23 ya soke ukun a aljihu, sannan ya karɓi la'ada. Ranar da mai saye da mai sayarwa suka haɗu a ɗaurin aure suka yi hira, sunanka ya gama lalacewa a wannan unguwa. Haka sa wani ya yi tayin ƙarya don a tayar da farashi, wanda malamai ke kira najashi, haramun ne a shari'a.

Kuɗin mutane kada ya kwana a asusunka na gida. Kafin alƙalami ko kuɗin haya da ka karɓa a madadin mai gida ka tura masa a ranar, ko ka ajiye a asusu na daban, da rasit. Yawancin dillalan da suka ƙare a ofishin 'yan sanda ba da niyyar sata suka fara ba. Sun taɓa kuɗin haya ne don wata lalura da nufin mayarwa idan wani ciniki ya faɗa, cinikin kuma bai faɗa ba.

Idan babbar la'ada ta shigo, ka zuba ta a asusun kasuwanci ka riƙa biyan kanka adadi ɗaya duk ƙarshen wata, kamar yadda ofis ke yi maka a da. Watan da ka samu miliyan 2 ba watan sauya mota ba ne, domin wata uku masu zuwa za su iya wucewa babu ko ɗaya. Ka yi wa iyali inshorar lafiya tun da wuri, hukumomin jihohi irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna suna karɓar masu zaman kansu.

Sannan ka sa wa kanka ranar duba lissafi tun kafin ka fara, a ce bayan wata tara. Idan a ranar abin da ke shigowa ya kai rabin kuɗin cefanen gida kuma yana ƙaruwa, kana da gidajen haya da kake kula da su, mutane sun fara turo maka 'yan'uwansu, ci gaba. Idan ajiyar ta kusa ƙarewa kuma babu alama, ka fara neman aiki tun da sauran na wata uku a hannu, ka mayar da harkar gidajen ta ranakun Asabar da Lahadi idan sabon wurin aikin ya yarda da haka.